Maigadin da ya hana 'yan gida shiga

"Wai har yanzu ba a kamo tashar ba?"

Karo na uku ke nan da Hajiya ta yi wannan tambayar. Tana zaune a ƙasa kan kafet, ta jingina da kujera, ta miƙe ƙafar da ke damunta, ta riga ta goge gilashinta da bakin mayafi ta ɗora a hanci. Uwargida ta ajiye mata kunun gyaɗa a gefe, yara sun jeru kamar 'yan makarantar allo. Ni kuwa ina tsaye a gaban talabijin da rimot a hannu, gumi yana karyo min duk da fanka tana juyawa.

Na ce, "Hajiya, ba tasha ba ce. Abin yana cikin kwamfuta ne a ɗaki, yanzu zai fito."

Ta ce, "To, Allah ya fito da shi."

Abin da muke jira bidiyon bikin autanmu ne. Amaryar 'yar Kaduna ce, can aka yi kamu da walima bayan Babbar Sallah, Hajiya kuma tana Kazaure, ba ta ga komai ba sai guntayen hotunan da jikoki suka riƙa nuna mata a waya. Da ta zo Kano ganin likitan ƙashi za ta kwana biyu a wurina, sai na cika baki tun a mota: "Ai yau za ki ga bikin nan tun daga farko har ƙarshe, a babban allo, kamar kina wurin." Wannan cika bakin shi ne ya tsayar da ni a gaban talabijin ina gumi.

Wanda bai san gidana ba zai ce me ya haɗa talabijin ɗin falo da kwamfutar da ke wani ɗaki. Ina da wata tsohuwar laftof, ta hannu, da na saya a Beirut Road shekaru da suka wuce. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana zare caja take ɗaukewa, don haka ta zama 'yar zaman ɗaka a kan teburin ɗakin da nake tara littattafai da takardun ɗalibai. Ramin HDMI ɗinta ma, wato inda ake jona wayar da ke kai hoto talabijin, ya kwance, sai an tokare wayar da littafi kafin hoto ya tsaya. A cikinta nake ajiye komai: hotunan suna, karatun malamai, katun na yara. Talabijin ɗin kuwa irin mai Wi-Fi ɗin nan ce, kuma dukkansu biyu suna haɗe da rauta ɗaya, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida. Wata rana ina tone-tone a cikin saitin Windows na ci karo da wurin da ake kunna raba bidiyo da sauti ga na'urorin cikin gida. Na kunna, na koma falo, na danna maɓallin da ake zaɓar tsakanin dish da HDMI, sai ga sunan kwamfutata a cikin jerin. Na shiga, ga foldodina nan reras. Ranar har sai da na kira uwargida ta zo ta ga abin al'ajabi, ta kalla ta ce, "To, ya yi kyau," ta koma kicin.

Daga baya na san sunan abin DLNA. Wata yarjejeniya ce da kamfanonin kayan lantarki suka ƙulla a 2003, Sony na kan gaba, don talabijin da kwamfuta da waya su riƙa gane juna ko da ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Ƙungiyar da ta kafa tsarin ta rufe a farkon 2017, amma shi tsarin yana nan a cikin talabijin masu yawa. Abin da ya sa na ƙaunace shi ɗaya ne: ba ya cin data ko ta kobo. Bidiyon daga kwamfuta yake tasowa, ya bi ta rauta, ya sauka a talabijin, bai leƙa intanet ba. Ko data ta ƙare, muddin akwai wuta a rautar, kallo yana tafiya. Fiye da shekara biyu muna haka, bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar da na yi alƙawari ga mahaifiyata.

Na kashe talabijin na kunna. Na zare filogin rauta, na ƙirga talatin, na mayar. Na je ɗaki na sake tayar da kwamfutar, wadda kan ɗauki lokacin da za a iya dafa shayi kafin ta farfaɗo. Na dawo, jerin yana nan yadda yake: dish, HDMI na ɗaya, HDMI na biyu, shi ke nan. Sai na juya kan yara. "Waye ya taɓa rimot ɗin nan?" Kowa ya rantse. Babban cikinsu ya ce, "Abba, mu ma tun satin can ba ma ganin katun ɗinmu, mun ɗauka kai ka rufe." Da ina da natsuwa a lokacin, wannan maganar ita ce bakin zaren, amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasu.

Uwargida ta ce, "Malam, ka sa shi a filash mana ka huta."

Shawara ce mai kyau, na kuma bi ta. Filash ɗin mai gigabait 32 ne, fiye da rabinsa babu komai, bidiyon kuma gigabait 6 da ɗoriya. Ina cewa kwafa, kwamfuta ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin filash ɗin. Na tsaya ina kallon saƙon kamar an mare ni. Sai bayan kwana biyu na fahimci dalili: yawancin ƙananan filash suna zuwa ne da tsarin ajiya mai suna FAT32, shi kuma ba ya karɓar fayil guda ɗaya da ya kai gigabait 4, komai yawan filin da ya rage. Hanyar da aka saba ita ce a goge filash ɗin a mayar da shi wani tsarin ajiyar, NTFS ko exFAT. A daren ban san haka ba, kuma ko na sani, tambayoyin jarrabawar ɗalibaina na ciki, ba zan goge su da ƙarfe tara na dare ina cikin fushi ba.

Ƙarshenta na zare laftof ɗin daga ɗaki, ta ɗauke, na kawo ta falo, na jona, muka sake jira ta farka. Na tokare wayar HDMI da ƙamus, hoto ya zo ya yi minti biyu ya koma baƙi. Na gyara, ya sake tafiya. Daga nan na haƙura na ɗora kwamfutar a kan ɗan tebur a gaban Hajiya. Ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido, ta kalli minti goma, sannan ta ce mutanen sun yi mata ƙanana kamar tururuwa, kuma idonta ya fara ruwa. "Bar shi kawai, wata rana na gani." Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi.

Da suka kwanta na mayar da kwamfutar ɗaki na zauna a gabanta. A nan ne maganar yaron ta dawo min. Tun satin can. Me ya faru satin can?

Satin can ne na kai filash wani shagon buga takardu don a fitar min da tambayoyin jarrabawa. Da na dawo gida na sa shi a kwamfuta, duk foldodina sun rikiɗe sun zama shotkot, masu 'yar kibiya a gefe. Duk malamin makaranta ko ɗalibin da ya taɓa yawo da filash ya san wannan bairos ɗin: yana ɓoye ainihin fayilolinka, ya ajiye na bogi a madadinsu, kana dannawa ya shige kwamfutarka ya zauna jiran filash na gaba. Na tsorata ƙwarai, saboda sakamakon ɗalibai na zango biyu na cikin wannan na'urar. Washegari na sayi antibairos na kuɗi, mai lasisin shekara guda, irin cikakken nan da ake cewa yana tsare komai. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tallarsa nake ba, ba kuma ɓata shi na zo yi ba. Ya yi aikinsa, ya kamo abin, ya share, fayilolina suka dawo. Na kuma tuna cewa lokacin da nake sa shi, akwatuna sun yi ta fitowa suna tambayata abubuwa, ni kuma ina ta danna na'am, na'am, na'am, ido na kan agogo saboda ina da aji.

Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Na je kan ɗan tambarinsa da ke ƙasan allo, na zaɓi a dakatar da kariya na minti goma, na ruga falo a hankali don kada in tashi Hajiya. Na kunna talabijin ba sauti. Babu kwamfuta a jerin. Na jira, na sake dubawa, ko gezau. Sai na wanke antibairos ɗin daga zargi, na ce ashe ba shi ba ne. Wannan kuskuren ya ci min kusan awa biyu, don daga nan na koma kan talabijin ɗin. Har mayar da ita na yi yadda ta fito daga kwali, abin da ya jawo washegari sai da na sake jera tashoshi ɗaya bayan ɗaya ina jin gunagunin uwargida.

Da safe, muna zaune a layin ganin likita, na kira ƙanin uwargida. Aikinsa ke nan, haɗa na'urorin ofisoshi a Abuja, kuma tun yana ƙaramin sakandare ba ya raga min. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har sai da na janye wayar daga kunne.

"Yaya, kai da kake koyar da yara a karanta tambaya kafin a amsa?"

Na ce, "Ka bar iskanci ka faɗa min abin yi, Hajiya gobe za ta koma."

Ya ce kafin a zargi kowa, in fara raba gardama. In na koma gida in sa manhajar kallon bidiyo mai suna VLC a wayata, in haɗa ta da Wi-Fi ɗin gida, in shiga sashen da take nuna na'urorin da ke kusa. In wayar ta ga kwamfutar, to talabijin ce ke da matsala. In ita ma ba ta gani ba, a ƙyale talabijin ta sarara, ƙofar kwamfutar ce a rufe. Wannan gwajin na minti biyu ne, kuma da na yi shi tun daren jiya da ban taɓa saitin talabijin ba. Da na koma gida na gwada, wayar ba ta ga komai ba, sai na sake kiransa.

Sannan ya buɗe min abin da ya rufe min ido. Antibairos irin wanda na saya ba ma'aikaci ɗaya ba ne, ma'aikata ne da yawa a riga ɗaya. Akwai mai binciken fayiloli, wanda ke shinshina duk abin da aka buɗe ko aka kwafa. Akwai mai duba shafukan intanet. Akwai kuma katangar tsaro, wadda masu aikin ke kira fayawol, ita ce maigadin bakin ƙofa: ita ke yanke wa za ya yi magana da kwamfutar daga waje, wa za a kora. Dakatarwar minti goma da na yi, a nawa antibairos ɗin, mai binciken fayiloli kawai ta sallama. Maigadin ƙofa yana nan a tsaye da sandarsa. Wani abin kuma, Windows tana da tata katangar, wadda ta san tsarin raba bidiyon nan, ta kuma buɗe masa hanya tun ranar da na kunna shi. Amma sabon antibairos ɗin da ya shigo sai ya karɓi aikin gadin, ya zo da nasa littafin sunaye. Shi ya sa da na duba saitin Windows na ga gidan yana nan a rubuce Private, wato gida ne na amana, hankalina ya kwanta, alhali wanda ke riƙe da ƙofar a yanzu ba wannan littafin yake karantawa ba.

Na shiga cikin antibairos ɗin, na bi ta saiti, na sami sashen katangar, na sami jerin hanyoyin sadarwar da ya sani. Ga sunan Wi-Fi ɗin gidana, a gabansa an rubuta Public. Ma'ana, a wurinsa falona da tashar mota duk ɗaya ne. Kuma ba shi ya ƙirƙiro hakan ba. Ya tambaye ni ranar da na sa shi, a ɗaya daga cikin akwatunan nan da na danne ba tare da na karanta ba, ya kuma riga ya zaɓa min amsar da ta fi tsauri, ni kuma na sa hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne littafin rahotonsa. Akwai wani shafi da yake rubuta duk wanda ya kora. Na buɗe, sai ga layuka ba iyaka, duk daga adireshi ɗaya, 192.168.0.103, duk an rubuta an toshe. Na duba saitin talabijin, adireshinta ke nan. Har da layukan daren jiya, daidai lokacin da nake tsaye da rimot Hajiya tana tambaya ko an kamo tashar. Baiwar Allah talabijin tana ta sallama, ana ta kora ta, ni kuma ina zaginta.

Yadda surukin nawa ya bayyana min sallamar ya burge ni, har na yi amfani da misalin a aji daga baya. Ya ce talabijin ba ta san adireshin kwamfuta ba, don haka shela take yi kamar sanƙira. Tana aika ɗan gajeren saƙo zuwa wani adireshi na musamman, 239.255.255.250, ta ƙofa mai lamba 1900, wanda duk na'urar da ke sauraro a cikin gidan za ta ji: wa ke da bidiyo ko sauti a nan? Wannan shelar sunanta SSDP. Kwamfutar da ke raba bidiyo sai ta amsa, ga ni, ga inda za ki same ni. Daga nan talabijin ta zo ta ƙofa ta 2869 ta karɓi bayanin ko wace ce, sannan in an zaɓi bidiyo, ya biyo ta ƙofa ta 10243. Waɗannan biyun na ƙarshe na tsarin Windows ne. Mai amfani da manhajar raba bidiyo ta Plex tasa ƙofar 32400 ce, mai irinta ta Jellyfin 8096, Chromecast da AirPlay kuma, masu tura hoto daga waya zuwa talabijin, da wata shelar daban suke neman juna, ta ƙofa ta 5353. Lambobin sun bambanta, ciwon ɗaya ne. Katangar da aka gaya wa cewa tana kasuwa ba ta barin kowa ya fara yi wa kwamfutar magana daga waje. Kai kana iya fita ka shiga intanet, amsarka ta dawo lafiya, shi ya sa ba ka lura da komai. Amma wanda ya zo da kansa ya ƙwanƙwasa, ko ɗan gida ne, ba a buɗe masa.

Na ce, "To in kashe katangar gaba ɗaya mana, mu huta."

Ya ce, "Yaya, don maigadi ya hana ƙaninka shiga sai ka cire ƙyauren gidan?"

Gaskiya na so in yi hakan, kuma na san mutane da yawa nan suke tsayawa, don da ka kashe ta nan take sunan kwamfutar ke fitowa a talabijin, kai kuma ka ce an gama. Gwaji ne mai amfani in na minti ɗaya ne, don ka tabbatar da mai laifi. Amma zama a haka gudun gara ne a faɗa gidan zago. Akwai cututtukan kwamfuta da ba sa jiran ka danna komai, ta buɗaɗɗiyar ƙofa suke shigowa daga wata na'urar da ke hanya ɗaya da kai. WannaCry, wanda ya ɓarke a watan Mayun 2017 ya bazu ƙasashe sama da 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta ƙofar raba fayiloli ta Windows mai lamba 445 ya riƙa bi. Ni kuma gidana ba ya rabo da baƙi, kowa ya zo sai ya nemi lambar sirrin Wi-Fi, ban san abin da ke cikin na'urar kowa ba. Ga shi laftof ɗin Windows 10 ce, wadda Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, ta kuma tsufa da ɗaukar Windows 11. Irin wannan tsohuwar ba a cire mata ƙyaure.

Gyaran kansa bai kai minti ɗaya ba. Na canza Wi-Fi ɗin gida daga Public zuwa amintacce a cikin antibairos ɗin, na tabbatar an ba tsarin raba bidiyon izini a kan hanyar gida kaɗai, ban buɗe raba fayiloli ba tunda ba na bukatarsa. Na leƙa falo. Sunan kwamfutar yana zaune a jerin kamar bai taɓa tafiya ko'ina ba.

A nan nake da ƙorafi, kuma har yanzu ina kan bakana. Ban ga laifinsa ba da ya rufe ƙofa, abin da na biya kuɗi ya yi ke nan, kuma ni na gaya masa muna kasuwa. Laifinsa shirun. Wannan manhajar ba ta gajiya da leƙo da kai ta gaya min ta bincika fayil dubu kaza, ko ta tuna min akwai wani ƙarin kaya da zan iya saya. Amma kwana goma sha huɗu tana korar na'ura ɗaya tilo, daga cikin gida, sau ɗaruruwa, ba ta taɓa cewa "Malam, akwai wani da ke ta sallama, ka san shi?" ba. Maigadin kirki in ya ga fuska ɗaya tana dawowa kullum, ai ya shiga ya tambayi maigida. Kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci sai aka cusa ta a tsakiyar akwatuna goma masu kama da juna, a lokacin da mutum ya ƙosa a gama.

Bayan la'asar muka sake zama. Bidiyo ya tashi, hoto tangaran, Hajiya ta gyara zama ta fara gane mutane. Muna cikin kamu, wajen minti ashirin da farawa, sai hoton ya tsaya. Ɗan da'irar nan ta fara juyawa. Ya tafi daƙiƙa biyar, ya sake tsayawa, amarya ta daskare da baki a buɗe. Hajiya ta ce, "Ko sun gaji ne?"

Na san ba intanet ba ne, tunda ba ta cikin lissafi. Ba kuma nauyin bidiyon ba ne: gigabait 6 da ɗoriya a awa ɗaya da minti arba'in bai wuce megabit 8 zuwa 9 a daƙiƙa ba, abin da Wi-Fi ɗin gida ke ɗauka ba tare da nishi ba. Na ruga ɗaki. Tun daga ƙofa na ji fankar laftof ɗin tana huci. Na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, shafin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, ya buɗe, faifan ajiya yana kan 100 bisa 100, kuma wanda ke saman jerin masu cinsa shi ne dai mutumin nawa. Ina taɓa linzamin kwamfutar ya lafa, daga falo na ji yara sun ce, "Ya dawo!"

Wannan karon ban kira kowa ba, na gano da kaina, kuma ina alfahari da hakan. Antibairos ɗin yana da wata ɗabi'a da a takarda ladabi ce: ba ya yin babban bincikensa sai ya ga an bar kwamfutar ba a taɓa ta na wani lokaci, don kada ya dami mai aiki. To mai kallo daga falo ba ya taɓa kwamfuta. A wurinsa gida ya yi shiru, lokacin shara ya yi. Sai ya hau karanta fayiloli dubbai, a kan tsohon faifai irin mai juyawa ɗin nan, wanda hannu ɗaya gare shi na karatu. Hannun ya je ya ɗebo wa talabijin bidiyo, a fizgo shi ya je ya karanto wa mai bincike wani abu a can wani gefen, ya dawo, a sake fizgo shi. Da faifan SSD ne, irin na zamani da ba ya juyawa, mai yiwuwa da ba mu ma lura ba. Na kashe binciken lokacin shiru, na sa masa ranar Asabar da safe, lokacin da na san in akwai wuta kwamfutar na kunne kuma ba mai kallo. Akwai kuma wurin da ake ware wata folda a ce kada ya riƙa shinshina ta duk lokacin da aka buɗe. Na ware foldar bidiyon iyali kaɗai. Wadda ake zuba abin da aka kwaso daga filash ɗin mutane da na masu turi ban ware ta ba, ba kuma zan ware ba, don ta irin wannan hanyar ciwon farko ya shigo min.

Tun daga lokacin abin ya sake dawowa sau ɗaya, kuma ya kamata in faɗa don wanda zai bi sawuna. Rautar ta samu matsala, na aro wata ƙaramar MiFi na haɗa komai da ita. Talabijin ta sake makancewa. Sabon Wi-Fi sabon suna ne a littafin maigadi, kuma duk sunan da bai sani ba kasuwa yake ɗaukarsa, wanda in ka duba daidai ne. Wannan karon na san inda zan je, minti ɗaya ya ishe ni. Surukin nawa ya kuma gargaɗe ni da kada in rubuta izinin da adireshin talabijin kaɗai, saboda rauta ce ke raba adiresoshin nan, kuma a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wanda yake 103 yau yana iya wayar gari 105. Ko dai a ba duk hanyar gidan izini, ko a shiga rauta a kafe wa talabijin adireshi guda. Na zaɓi na farko, don na biyun yana bukatar haƙurin da ba ni da shi. Ya ƙara da cewa wasu rautocin suna da saitin da ke hana na'urorin da ke kansu ganin juna, musamman a Wi-Fi ɗin baƙi, in an kunna shi ko babu antibairos a duniya talabijin ba za ta ga kwamfuta ba. Na duba nawa, a kashe yake.

Amma a waccan la'asar ɗin duk wannan bai zo ba tukuna. Na dawo falo na zauna a ƙasa kusa da Hajiya, na mayar da bidiyon inda ya fara sarƙewa. Ya tafi sumul. Ta ga kamu, ta ga ƙannenta a layin gaba, ta ce ɗinkin ɗaya daga cikinsu ya yi mata yawa a kafaɗa. Da autan ya shigo wurin walima da babbar riga, ta yi shiru, ta cire gilashin ta goge, ta mayar, ba wanda ya ce komai. Can wajen rabon abinci sai ta ɗaga hannu.

"Kai, tsaya. Mayar da shi baya kaɗan."

Na mayar.

"Ƙara. Yawwa, nan. Wannan mai koren mayafin da ta sa roba biyu a jaka, 'yar gidan waye?"

Uwargida ta ce ita ma ba ta gane ta ba, ƙila dangin amarya ce. Hajiya ta ce a'a, wannan tafiyar ta san ta, a sake mayarwa. Sau huɗu muka kalli matar nan tana zuge jaka.